Zanen da Aka Ƙi, Har Gwanjo ya Yi Masa Daraja

A shekarar 1915 ne wani mashahurin mai zane na ƙasar Suwidin, Carl Larsson, ya kammala wani ƙasaitaccen zane da fenti mai mai, wanda tsawonsa ya haura mita 13, da niyyar a kafa shi a bangon matakalar babban gidan adana kayan tarihi na Sitokholm. Sunan zanen Midvinterblot, wato hadayar tsakiyar hunturu, kuma ƙissarsa ta zamanin jahiliyyar mutanen Suwidin ce: yunwa ta addabi ƙasa, aka yanka shanu a ɗakin tsafi na Uppsala ba a ga sauƙi ba, shekara ta zagayo aka yanka mutane, a ta uku sai manyan ƙasa suka yi ittifaƙi cewa musibar daga Sarki Domalde take, saboda haka jininsa ne zai zama fansa.

Mutumin Cirozerin ko Arlit a ƙasar Nijar da ya riski farin 1973, wanda ya halaka raƙuma da bisashen Abzin, ba ya bukatar sharhi a kan wannan ƙissa, domin a Afrilun 1974 soja suka tuɓe shugaban ƙasar, Diori Hamani, kuma yunwa na cikin hujjojin da suka kafa.

Amma a can Sitokholm, hukumar gidan tarihin ta ƙi karɓar zanen, masana kuma suka yi ta suka, wasu na cewa ya saɓa wa tarihi, wasu na ganin ya tsufa tun ba a rataya shi ba. Larsson ya rasu a 1919 da wannan takaici. Sai a 1987, da aka kai zanen gwanjon Sotheby's a Landan, inda dillali ke kiran farashi masu saye na ɗaga hannu har a buga guduma, wani attajiri ɗan Jafan ya saye shi, sa'an nan fa mutanen Suwidin suka farga, abin da a ganina bai zama abin yabo gare su ba. Attajirin ya ba su aronsa a 1992, jama'a suka yi tururuwa zuwa kallo, aka shiga neman gudummawa, har a 1997 gidan ya fanso shi a kan kurona miliyan 14.6, aka bar shi a bangon nan da Larsson ya auna masa tun farko.