Zurfin Ma'auni Wajen Juyar Sautin Makaɗa

Mai tattara waƙoƙin baka a ƙasar Kazaure yakan ɗauki sauti da wata na'ura, sannan ya juye a wata. To, na'urar zamani sai ta mai da sauti lambobi take riƙe shi, kuma kowace da zurfin ma'auninta, wanda ake ƙidayawa da "bit". Faifan CD na 1982 bit 16 gare shi, watau matakai 65,536; bit 24 kuwa ya haura matakai miliyan 16. In mai 16 ta zuba wa mai 24, babu asara. Amma in aka juya, mai karɓa takan datse takwas na ƙarshe, inda raunanan sautuka suke. Rugugin tambari ba ya nuna illar. Amon garaya yayin da yake dushewa shi ke ƙazancewa. Saboda haka wajibi ne a adana ɗaukar asali a bit 24.