Kafin a sa yaro ƙaramar makarantar kuɗi

A ƙasar Urafan, lokacin shiga lakwal yana zuwa tare da kaka. Cikin watan Oktoba ana yankan hatsi, ana roron wake, kuɗi sun ɗan shigo hannu. A lokacin ne uba yake shawarar inda zai kai yaronsa mai shekara 6 ko 7.

Lakwal ta gwamnati ita ce aka fi sani. Amma akwai kuma ƙananan makarantu masu zaman kansu, musamman cikin manyan garuruwa kamar Tasawa da Mayahi. Wata aji ɗaya gare ta, wata biyu. Waɗansu madarasa ne, ana koyar da Larabci da Faransanci tare. Wannan hanya ba sabuwa ba ce: madarasa ta farko a Nijar an buɗe ta a Say a 1957.

Ƙaramar makaranta tana da amfaninta. Yara ba su da yawa, malami ya san kowa da sunansa, ya san gidansu. Yaro mai kunya ba ya ɓacewa cikin taro. Amma ƙanƙanta kaɗai ba ta sa yaro ya iya karatu.

Abu na farko shi ne izini. Makaranta mai zaman kanta sai da takardar izini daga ma'aikatar ilimi. Uba ya ce a gwada masa ita. In ana ta kewaye-kewaye, ya je ofishin masu duba makarantu a Tasawa ko Mayahi ya tambaya. Tambayar ba ta cin ko dala. Dalilinta kuwa babba ne. Karatun firamare aji 6 ne: CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2. Daga nan sai kwaleji. Yaron da ya yi shekarunsa inda hukuma ba ta san da shi ba, yana iya samun ƙofa rufe ranar da zai wuce gaba. Haka kuma in makarantar ta tsaya a aji 2 ko 3, a sani tun yanzu ina yaro zai ƙarasa. A nema masa takardar haihuwa da wuri.

Sai malami. Inda malami ɗaya ne, shi ne makarantar duka. In ya yi ciwo, ba karatu. In bai samu albashinsa ba ya tafi cin rani, an rufe ke nan. Uba ya tambayi maƙwabta shekara nawa malamin ya yi a wurin. Wanda yake zuwa yaƙi da jahilci kuma ba a rufe masa ido. Yana iya buɗe littafin wani yaro na makarantar, ya ga ko ana gyara masa rubutu, ya ba shi ɗan lissafi ya gani.

A dubi ɗakin da kyau. Ajin kara yana kama wuta nan da nan. A watan Nuwamba na 2021, gobara ta cinye azuzuwan kara a birnin Maradi, yara ƙanana fiye da 20 suka rasu. In ajin na kara ne, a duba ko ƙofarsa tana da faɗi, ko ana hura wuta kusa da shi. A duba randar ruwan sha da makewayi. A auna nisan hanya da ƙafar ɗan shekara 6, ba da ta babba ba.

Batun kuɗi, a yi lissafin shekara duka: na rubuta suna, na wata-wata, da littattafai. Sannan a mayar da shi tiyar hatsi, a ga nawa zai fita daga rumbu. Kuɗin Oktoba ba su da wuya. Na watan Afrilu da na Mayu, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, su ne suke fitar da yara daga aji. In an biya, a karɓi takardar shaida kowane lokaci, a adana ta tare da takardar haihuwar yaron.