Firinta Ɗaya Ta Ishi Gida

A gidaje da yawa, idan ɗalibi zai buga aikinsa, sai ya tura wa kansa fayil ɗin ta WhatsApp, ya je ɗakin da firinta take, ya sauke shi a kwamfuta. Fayil ɗin nan ya bar gidan, ya bi ta na'urorin kamfani a can nesa, sannan ya dawo. An ci data wajen turawa, an ci wajen saukewa, alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakunan. Wasu kuma filasha suke yawo da ita daga wannan kwamfuta zuwa waccan, tana kwaso musu ƙwayoyin cuta.

Duk wannan wahala ba ta da dalili, domin an daɗe da samo maganinta. A shekarar 1973, a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, Robert Metcalfe da David Boggs suka ƙirƙiro Ethernet, hanyar haɗa kwamfutoci da kebul. Ɗaya daga cikin manyan dalilansu shi ne ma'aikata su riƙa tura takardu zuwa firinta guda mai aiki da hasken leza.

Yau akwatin Wi-Fi da ke falo, wato rauta, shi ke yin wannan aikin. Abin da mutane da dama ba su lura da shi ba: ko data ta ƙare, rauta tana ci gaba da haɗa na'urorin gida da junansu. Kowace waya ko kwamfuta da ta hau, tana samun lambar adireshi irin 192.168.1.5, kuma saƙon da ke tsakaninsu ba ya fita ƙofar gida, balle ya taɓa data.

Wurin ajiye rauta yana da muhimmanci ƙwarai. Bangon bulo da rufin kankare na cinye sigina, shi ya sa ake son ta zauna tsakiyar gida, a sama, ba cikin durowa ko bayan talabijin ba. Yawancin sababbin rautoci suna da zango biyu: na 2.4 GHz ya fi ratsa bango da kai wa nesa, na 5 GHz ya fi sauri amma a kusa. Kwamfutar da ba ta motsi kuwa, gara a ja mata kebul. Nau'in Cat5e yana kai mita 100 ba tare da rauni ba, ya isa ya kai wani sashe a babban gida.

Firinta iri biyu ce. Mai Wi-Fi, da an sa mata kalmar sirrin gida, shi ke nan: iPhone tana ganin ta ta hanyar AirPrint, wanda Apple ya fito da shi a 2010, wayoyin Android ma suna da nasu tsarin bugu. Tsohuwa mai kebul na USB ita ma ba ta zama shara ba. Sai a jona ta da kwamfuta ɗaya, a ba da izinin raba ta a saitin Windows. Sharaɗin shi ne kwamfutar ta kasance a kunne.

Akwai matsalar da ke yawan rikita mutane a inda ake yawan ɗauke wuta. Idan wuta ta dawo, rauta na iya ba firinta sabuwar lamba, kwamfuta kuma ta ci gaba da neman ta a tsohuwar, sai a ɗauka firintar ta lalace. Gyaran ɗan ƙarami ne: a shiga shafin saitin rauta a keɓe wa firinta lamba ta dindindin.

Wajen raba fayil, dole a shaida wa Windows cewa wannan layi na gida ne, ba na jama'a ba, sannan a kunna rabawa. Hikima ita ce a buɗe folda ɗaya tak, ba kwamfutar gaba ɗaya ba, a kuma bambanta mai izinin karantawa da mai izinin gogewa, musamman inda akwai yara. Wanda ya saba da HomeGroup kada ya ɓata lokacin nemansa, Microsoft ya cire shi daga Windows 10 tun 2018. Ƙa'idar da ake amfani da ita wajen raba fayil sunanta SMB, kwamfutocin Mac da Linux ma suna jin ta. Sai dai kada a yarda wani mai gyara ya kunna tsohon samfurinta, SMB1, don wata tsohuwar na'ura. Ta ɓarakar da ke cikinsa cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017, ta shiga ƙasashe kusan 150, har ta tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya.

Duk wanda aka ba kalmar sirrin Wi-Fi ya shigo tsakar gida ke nan, yana iya ganin folda da firinta. Don haka a canza kalmar sirrin shafin saiti da rauta ta zo da ita daga kamfani, a zaɓi kariyar WPA2 ko WPA3. Baƙi da maƙwabta kuma a buɗe musu layin baƙi, wanda rautoci da yawa ke da shi: yana ba su intanet, amma ba ya nuna musu na'urorin gida.