LABARIN SALULA: A BINCIKA KAFIN A YARDA

Yau a Tabla da sauran garuruwa, labari yana shigowa ta salula. Wani gaskiya ne, wani ƙarya.

A shekara ta 2014 ciwon Ebola ya shiga Nijeriya. Sai aka baza saƙo wai shan ruwan gishiri yana kare mutum. Jama'a suka sha. Aƙalla mutum 2 suka mutu.

Saboda haka, wanda ya samu saƙo ya yi tambaya uku:

1. Wa ya faɗa? Maganar da ba a san mai ita ba, jita-jita ce.

2. Ina abin ya faru, kuma yaushe? Ana ɗauko tsohon hoto na wata ƙasa a ce na jiya ne.

3. Wa ya tabbatar? In zancen ciwo ne, a tambayi likita. In kuɗin bisashe ne, a tambayi wanda ya ci kasuwar Balleyara ran Lahadi.

Tun 2019 dokar Nijar tana hukunta mai baza saƙon da ke tada hankalin jama'a.

Wanda bai tabbata ba, kada ya tura wa kowa. Ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa.