Kanari Sai Da Kunne, Zakara Ko Babu

Duk wanda ya yi sammako ya bi ta Ƙofar Kabuga, wadda ke fid da mutum yamma zuwa hanyar Gwarzo, zai ji carar zakaru da kukan kurciyoyi daga gidajen da ke kusa. Kafin hantsi kuwa ƙugin motoci da na a-daidaita-sahu ya danne kome. Zakara ko a jikinsa. Wanda hayaniyar ke iya cuta shi ne ɗan kanarin da aka rataye cikin keji a ƙofar shago.

Dalili kuwa, ba ta hanya ɗaya tsuntsaye ke samun kukansu ba. A shekarar 1963 wani masani ɗan ƙasar Japan, Masakazu Konishi, ya ba da sakamakon gwajin da ya yi a Amurka, inda ya kurmantar da 'yan tsaki. Da suka girma sai suka yi cara kamar ta 'yan'uwansu masu ji. Watau zakara da cararsa aka ƙyanƙyashe shi. Haka aka samu ga wata irin kurciya a 1971.

Amma da Konishi ya gwada a kan wata irin gwara mai rera waƙa a 1965, sai labari ya sha bamban. Ɗan tsuntsun yakan haddace waƙar manya, sa'an nan ya yi ta gwaji yana sauraron kansa yana gyara, kamar almajiri mai tilawa. Wanda aka kurmantar bayan ya haddace, amma kafin ya fara rerawa, sai shirme ya fito daga bakinsa. Haddar tana nan, kunnen da zai auna ta da shi ne babu.

Ba sai an taɓa kunne ba ma. A 1973 Peter Marler da abokan aikinsa sun reni kanarin Turai, ɗan'uwan namu, cikin ƙara mai tsanani dare da rana. Jinsa ya ragu, waƙarsa ta fito ba yawan salo, sai bayan an ɗauke ƙarar ta soma kyautatuwa.

Gaskiya ne ƙarar Kabuga ba ta kai ta wancan gwaji ba. Duk da haka mai kiwon da ke son waƙa mai daɗi zai fi cin riba in ya rataye ƙaramin kanarinsa a tsakar gida, kusa da babba wanda ya gwanance.