Gyaran Tsofaffin Makaman Nukiliya da Taimakon Kwamfuta

Masassaƙin kwalekwale a bakin kogin Kwara, can ƙasar Bagudo, yana riƙe da siffar jirginsa a ka. Idan ya rasu bai koyar da kowa ba, gwanintarsa ta bi shi kabari. Irin wannan matsala ce ta taɓa samun masu kula da makaman nukiliya na Amurka.

Makamin nukiliya yana tsufa ko da yana ajiye. Iskar tiritiyum da ke cikinsa kan ragu da rabi cikin shekara 12 da 'yan watanni, wayoyi da robobi kuma su lalace. A da, akan tayar da makami a ƙarƙashin ƙasa domin a tabbatar da ingancinsa, amma Amurka ta daina wannan gwaji a 1992. Da aka zo sabunta makamin W76, sai aka tarar an manta yadda ake haɗa wani sinadarinsa mai suna Fogbank: an rufe masana'antar, ma'aikata sun watse, bayanan da aka rubuta kuma ba su cika ba. Wannan mantuwa ta jawo jinkirin shekara guda a ƙalla da asarar miliyoyin daloli.

Maganin da ake bi shi ne a gina siffar kowane ɓangare a cikin kwamfuta, da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa, haɗe da ma'auni da irin kayan da za a yi shi da su. Wannan siffa ɗaya ce injiniya yake gyarawa, ita injin yankan ƙarfe yake karantawa, da ita kuma mai duba inganci yake gwada abin da aka ƙera. Manyan kwamfutoci, irin su El Capitan na cibiyar Lawrence Livermore, sukan lissafa yadda makamin zai yi aiki ba tare da an tayar da shi ba. Sai dai lissafi ba ya wuce ingancin bayanan da aka ba shi, kuma abin da ke cikin kwamfuta yana iya faɗawa hannun ɓarawo.

Nijeriya ba ta da makamin nukiliya, amma wannan fasaha ta yi mata amfani. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai injin nukiliya na bincike, NIRR-1, wanda ya fara aiki a 2004. A 2018 an sauya masa makamashi daga yuraniyum mai tacewar kashi 90 cikin ɗari, irin wanda ake iya haɗa bam da shi, zuwa mai kashi 13, aka mayar da tsohon ƙasar Sin. Kafin a taɓa injin, sai da masana suka gwada sauyin a kwamfuta. Ɗalibin da ke sha'awar wannan fanni, to, ya riƙe lissafi da fiziks da zanen injiniya hannu bibbiyu.