Nijar ta fita daga CEDEAO: mun zauna mun yi lissafin irin na asusu



Ranar zubin da ta wuce, an rufe akwati, masu makulli ukun kowacce ta ɗaure nata a bakin zane, amma ba mu watse ba. Wata ƴar ƙungiyarmu mai saro atamfa da takalma daga Kano ce ta tsai da mu. Ta ce a mota, tsakanin Jibiya da Ɗan Isa, ta ji maza suna gardama wai tunda Nijar ta fita daga CEDEAO, nan gaba sai da biza za a shiga Najeriya. Ta dube mu ta ce: "To in hakan ta tabbata, rancen da na ɗauka da mi zan biya shi?"

Rancen nan kuɗinmu ne mu duka, dala ɗari-ɗari da muke zubawa kowane mako. Sai muka ga ashe maganar da muke ɗauka ta rediyo ce da manyan Yamai tana cikin akwatinmu. Muka zauna har la'asar sakaliya. Ga abin da muka tattauna, don ƙungiyoyin Damagaram, Tawa, Doso da Yamai su ma su auna a nasu zaman.

Wace ƙungiya ce aka bari?

An kafa CEDEAO, wadda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira ECOWAS, ran 28 ga watan Mayu 1975 a Legas, kuma Nijar tana cikin waɗanda suka kafa ta. Idan za mu kwatanta da abin da muka sani, ƙungiya ce ta ƙasashe mai dokar cikin gida, mai zubi, mai tara. Babban abin da talaka ya sani nata shi ne yarjejeniyar 1979, wadda ta ce ɗan ƙasa ɗaya zai iya shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Da ita mazajenmu da ɗiyanmu ƴan bida suke zuwa Kano, Legas, Kwatano, Lome, Kumasi da Abijan. Akwai kuma tsarin da ya ce amfanin gona da dabbobin yankin su tsallaka iyaka ba kuɗin duwan. Mun san abin da ke rubuce daban, abin da ake gani a shingayen hanya daban, amma ko ba komai akwai takardar da mutum zai kafa hujja da ita.

Yadda aka kai ga rabuwa

Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. Kwana huɗu bayan haka, ran 30 ga Yuli, shugabannin CEDEAO suka taru a Abuja suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyakoki, aka tsai da ciniki da hada-hadar kuɗi, aka riƙe dukiyar ƙasa da ke bankunan yankin, har aka yi barazanar kawo sojoji. Najeriya ta yanke wutar lantarki, alhali a lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da muke sha daga can take zuwa.

Ba sai mun ba ku labarin watannin nan ba, kun gani da idonku. Masu sai da ƙanƙara, zoɓo da yawur a cikinmu jarinsu ya narke a firji. Injin niƙa ya tsaya, aka koma turmi. Shinkafa da mai suka yi tashin gwauron zabo. Manyan motoci ɗauke da abinci da magani suka yi jerin gwano a Malanbil, ƙetaren gadar Gaya, ba shiga. A banki mutum ya je da kuɗinsa a ce sai kaza za a ba shi. A ƙungiyarmu, a watannin nan ne aka fi yawan neman a ɗaga ranar biyan rance, kuma asusun taimakon gaggawa ya kusa ƙarewa kan magani.

Ran 16 ga Satumba 2023 Nijar, Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES. Ran 28 ga Janairu 2024 suka sanar da ficewa daga CEDEAO. Ran 24 ga Fabrairu CEDEAO ta ɗage takunkumin, a watan Maris aka buɗe iyaka da Najeriya, amma ƙasashen ukun ba su janye ba. Dokar ƙungiyar ta ce mai fita ya ba da wa'adin shekara guda, don haka fitar ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025.

Masu cewa gara da aka fita

A zaman namu su ne suka fara magana, kuma da zafi. Ma'ajiyarmu, dattijuwa ce da ba ta cika surutu ba, ta ce: "Mu nan in mace ta karya doka, ita muke ci wa tara. Kun taɓa ganin munka hana ɗiyanta tuwo?" Kowa ya yi shiru. Gaskiya ta faɗa: waɗanda suka yi juyin mulki ba su kwana da yunwa ba, mu ne muka kwana cikin duhu.

Hujjar hukumomi ma kusan haka take. Sun ce takunkumin zalunci ne, sun ce ƙungiyar tana rawa da bazar ƙasashen waje, sun ce shekara da shekaru ana kashe mutane a Tilabere da Difa ba ta kawo wani agajin a zo a gani ba, amma da aka taɓa kujerar mulki nan da nan ta yi maganar sojoji.

Wata kuma ta tuna mana cewa zama cikin CEDEAO bai taɓa hana a rufe mana ƙofa ba. A 1984 Najeriya ta rufe iyakarta ana tsakiyar fari, har iyayenmu suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ta sake rufewa, muna ƙungiya ɗaya. Ta ce to ina amfanin takardar da babba ke takewa ran da ya ga dama? Akwai kuma misalin Muritaniya, wadda ta fita a shekarar 2000 kuma ba ta rushe ba.

Masu cewa a yi hattara

Su ba su ce takunkumin daidai ne ba. Cewa suka yi a dubi taswira. Nijar ba ta da teku. Iyakarmu da Najeriya ta kai wajen kilomita 1500, daga Gaya har tabkin Cadi. Daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar safiya ce, Ƙonni da Illela kuwa kamar unguwa biyu ne na gari ɗaya. Bamako da Wagadugu ƴan uwa ne, amma su ma ba su da teku, kuma ba can muke kai wake, aya, riɗi da raguna ba. Albasar Galmi kasuwarta Gana da Kodibuwa, duka biyun suna cikin CEDEAO.

Mun ga ɗanɗanon abin a kan hanyar Benin. Bayan an ɗage takunkumi, gadar Gaya ta ci gaba da zama a rufe daga gefenmu saboda saɓanin da ke tsakanin hukumomin biyu. Kayan da da suke sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano suka koma Lome, su ratsa Burkina, su biyo ta Dori da Tera da rakiyar sojoji. Hanya ta yi tsawo, ta yi haɗari, motoci suna jiran ayari. Duk kwanan da mota ta ƙara a hanya, a kan farashin buhu yake sauka, mu ne kuma masu awo.

Game da Muritaniya suka ce a ƙarasa labarin: ita tana da teku, kuma a 2017 ta dawo ta ƙulla yarjejeniyar hulɗa da CEDEAO ɗin da ta bari.

Sakatariyarmu ta kawo wani abu da yawancinmu ba mu sani ba, wato kotun CEDEAO. Hadijatou Mani, mace ce daga yankin Ƙonni da aka sayar tana ƴar shekara 12 aka mai da ita wahaya. A watan Oktoban 2008 kotun nan ta yanke hukunci cewa ƙasar Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Ƴar talakawa ta kai ƙarar ƙasa ta yi nasara. Fita daga ƙungiyar na nufin wannan ƙofar ta rufe wa ta bayanta. Mu mata ya kamata mu tambaya mece ce za ta maye gurbinta.

Abin da ya canza da wanda bai canza ba

Ga amsar da muka ba mai atamfa. A ranar da fitar ta tabbata, CEDEAO ta sanar cewa ƴan Nijar, Mali da Burkina za su ci gaba da shiga ƙasashenta ba biza, za a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta, kaya ma za su ci gaba da wucewa bisa tsarin da, har sai an ba da wata sanarwa. Ƙasashen AES su ma tun Disambar 2024 sun ce ƙofarsu a buɗe take ga ƴan CEDEAO ba biza. An fito da sabon fasfo na AES, amma tsohon yana aiki har wa'adinsa ya cika.

Kuɗinmu bai canza ba. Sefa ba ta CEDEAO ba ce, ta wata ƙungiya ce daban mai suna UEMOA, mai babban banki a Dakar, kuma Nijar ba ta fita daga cikinta ba. Don haka duk mai zuwa ya ce muku ku kawo kuɗin akwati ya canza muku kafin sefa ta mutu, ɗan damfara ne, ku kore shi.

A watan Maris 2025 ƙasashen AES sun sa haraji na rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ake shigowa da su daga waje, ban da kayan agaji. Wato a kayan jika ɗari, dala ɗari ke nan. CEDEAO ma da irin wannan harajin take gudanar da aikinta. Yanzu kuɗin sun koma asusun AES, kuma hakkinmu ne mu ji abin da ake yi da su, kamar yadda ake ƙirga kuɗin akwati a gaban kowa.

Inda muka tsaya

Ba mu haɗu a kan baki ɗaya ba, kuma ba mu tilasta wa kowa ba. Amma akwai abu biyu da duka muka yarda da su.

Na farko, ba a tambaye mu ba. Da aka sa takunkumi ba a tambayi mai ƙanƙara ba, da aka fita ma ba a yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ba. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe ƙungiyoyinmu shi ne ba a yanke magana a bayan akwati. Mai zubi ita ce mai magana.

Na biyu, kalmar nan "har sai an ba da wata sanarwa" ita ce ta fi tsaya mana a rai. Da, tafiya ba biza hakki ne da ke rubuce. Yau alfarma ce da kowane ɓangare zai iya janyewa ran da rai ya ɓaci, kuma kayan aro ba ya ado. A ƙungiyarmu in mace za ta fita, ba ma hana ta. Amma sai an zauna an lissafa zubinta, an cire bashinta, an rubuta, shaidu sun sa hannu, don gobe a haɗu a wurin suna ko biki a gaisa. Wadda ta fita da fushi ba lissafi, ita ce kan dawo tana neman aron turmi da kunya. A watan Mayun 2025 ministocin AES da shugaban hukumar CEDEAO sun zauna a Bamako don fara tattaunawa. Roƙonmu ga shugabanni shi ne a kai wannan zama ga yarjejeniya rubutacciya a kan abu uku: tafiyar mutane, wucewar kaya, da zaman ƴan uwanmu da ke can da shagunansu da iyalansu. Ko fitar ta yi riba ko ta yi asara, a nan za a gane, a farashin tiya da kuma hanyar Kano.

Abin da ke hannunmu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga shawarwarin da muka ɗauka a ƙungiyarmu.

Duk mai tsallaka iyaka, ita ko mijinta ko ɗanta, ta tabbata katin ɗan ƙasa bai mutu ba. Yaran da ba su da takardar haihuwa a je magajin gari a nema musu tun yanzu.

Kada rancen ƙungiya ya taru a kan hanya ɗaya. Mun duba littafi muka ga mata da yawa a cikinmu sana'arsu ta rataya ga iyakar Najeriya. In ta rufe mako biyu, akwatin ne zai girgiza. Mun yarda a riƙa ba masu sana'ar cikin gida fifiko a wani kaso na rancen: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kiwon awaki, lambu, ajiyar wake da albasa.

Mai saye da naira tana biya da sefa ta riƙa rubuta canjin ranar da ta saro kaya, don kada ta ɗauka riba ta ci alhali uwar kuɗi take ci.

An ƙara zubin asusun taimakon gaggawa da dala biyar a mako, saboda abin da muka gani a 2023.

Labarin da aka turo a WhatsApp kada a yanke shawarar kuɗi a kansa. A saurari rediyo, a tambayi duwan ko magajin gari.

Mai atamfa ta koma Kano ranar Litinin, ta dawo Laraba da kayanta, katin ɗan ƙasa kawai aka tambaye ta. Ta biya kason farko na rancenta a kan lokaci. Muna jiran jin yadda abin yake a Magarya, Matamai, Ƙonni da Gaya, musamman daga masu albasa da masu kai dabbobi. Ku tattauna a ranar zubinku, sakatariya ta rubuta, ku aiko a buga a fitowa ta gaba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya.